Ranar da Aka Ce Mini Hansatu Ta Sauka

Babu takalmi ko ɗaya a bakin ƙofar Hansatu. Tun daga nan na san akwai matsala, ban ma ƙwanƙwasa ba tukuna. Ɗaki ne guda a saman wani tsohon bene a unguwar Sharafiyya, nan ƙasar Larabawa, kuma duk Larabar da na je nakan tarar da silifas ɗinta kore a gefen hagu, da wani tsohon takalmin mijinta da take bari a waje don masu wucewa su san akwai namiji a gidan. Ranar kuwa siminti ne fayau, an share shi tas. Igiyar shanya babu ko ɗankwali. Na leƙa ta 'yar tagar da ke kallon baranda, na ga katifa a naɗe an jingine ta da bango, babbar tukunyar da take ajiyewa a bayan ƙofa kuma babu ita. Na kira wayarta, a kashe.

Ku da kuka zo ofishin nan bayan Babbar Salla, ina jin abin da kuke faɗa a bayan mota, wai aikin bibiya yawo ne da shan shayi a gidajen mutane. Abla Hajara, wadda ta koya mini aikin, ita ta ce in ba ku labarin nan. Na gwada da baki murya ta ƙi, shi ne na ce bari in rubuta.

Ga abin da ba a gama faɗa muku ba ranar da aka ɗauke ku. Matan da muke bi an sako su ne daga gidan yari kafin shari'arsu ta ƙare, ko kuma an yi musu rangwame a kan sharaɗi. Kowace sai wani ya tsaya mata, ya sa hannu cewa duk ranar da hukuma ta neme ta zai kawo ta. Idan ba ta da namijin da zai iya, shugabar bibiya ce ke sa hannu. Ita matar takan je ofishin shurɗa, wato 'yan sanda, duk Asabar ta dangwala yatsa. Ranar da ba ta je ba, wadda ta sa hannun ake zaunarwa a madadinta. Ni na sa wa Hansatu hannu. A Sharafiyya aka haife ni, babana ma a nan aka haife shi, amma har gobe iƙama gare mu, katin zaman baƙi. Sunan mai iƙama ya shiga na'ura da laifi, ba a sabunta masa, abin da ke biyo baya kuma tarhil ne, a sa mutum a jirgi. Nijeriya sau ɗaya na taɓa zuwa, ina goye.

Gidan farko da Abla ta kai ni na wata Ladi ne a unguwar Karantina. Mu biyu ta ɗauka a mako guda, ni da Sumayya, makarantarmu ɗaya, tare muka gama sakandare. Tun a mota ta sa muka cire takalma masu tsini ta ba mu na roba. Ta ce abaya mai ado a bar ta a gida, turare ma haka. Fayil ba a riƙe shi a hannu, a jakar cefane ake sa shi, a ɗora burodi a kai, don unguwa ta ga baƙuwa ce ta zo ba hukuma ba. Da muka shiga, Ladi ta ce komai lafiya, miji yana tafiya, yara suna makaranta. Abla ba ta musa ba. Ta ce ƙishi take ji, kuma kar Ladi ta tashi, ita za ta ɗebo da kanta. Da muka fito ta tambaye mu abin da muka gani. Na lissafa mata: tukunyar gas babu nauyi, firij a kashe, jakunkunan makarantar yara suna rataye da rana tsaka. Ta gyaɗa kai. Sumayya ta ce ita ba ta duba komai ba, amma da Ladi ta raka ta bakin ƙofa ta raɗa mata cewa mijin ya yi wata biyu bai kwana a gidan ba. Abla ta juya gaba ɗaya ta dube ta. Ni ban taɓa samun irin wannan kallon ba, har yau.

Haka muka yi shekaru. Ni na iya karanta ƙofa da igiyar shanya da kwandon shara. Na san mace mai shirin gudu takan fara da sayar da fanka da keken ɗinki, ta bar talabijin sai ƙarshe don kar maƙwabta su ji shiru. Rahotona ba ya kwana, Larabcina na takarda ba a gyara mini shi. Sumayya kuwa sai a yi ta binta kafin ta rubuta layi uku. Amma ta shiga gida, kafin ka ankara ta cire abaya tana kan tabarma tana tsince shinkafa, ko ta kama kan wata yarinya tana tsefewa. Matan suna kiranta Anti. Ni Ustaza suke ce mini, kuma idan na shigo sai a ɗauko kofin baƙi a kabad a ɗauraye.

Shekarar da ta gabata ita ce mummunar shekara. An tsananta kame bayan Hajji, aka riƙa rufe unguwa ana bin gida-gida. Matanmu da yawa suna da takardu, amma uwar wannan ba ta da su, mijin waccan ba shi da su, an kwashe su an kai tarhil. Mace ta wayi gari ita kaɗai da yara da shari'a a kanta, sai ta jefar da iƙamarta, ta je ƙarƙashin gada inda masu neman a mayar da su suke taruwa, ta ce ita 'yar umara ce, ta ba da wani suna, a sa ta a jirgi. Abla ta zauna a ofishin shurɗa saboda su ba sau ɗaya ba. Ita dattijuwa ce kuma tana da takardar 'yan ƙasa, ana sallamarta kafin magariba, amma hawan jini ya kwantar da ita. Ƙungiyar da muke wa aiki ta ce ta huta, a ba yarinya shugabancin. Ni aka ba.

Ranar da aka faɗa, Sumayya ta rungume ni ta ce, “Mabruk, ya Mudira, barka shugaba. Daga yau sai mu riƙa cire takalmi kafin mu shigo.”

Aka yi dariya. Abla ta riƙo hannuna ta ce, “Nafisa, ke kin iya riƙe ofis, Sumayya ta iya riƙe mata. Ku haɗa.” Har na isa gida rabin maganar na ƙarshe nake ji.

Na kawo tsari, kuma har yanzu ina kan bakana cewa tsarin ba shi da aibu. Na lura yawancin waɗanda suka gudu, masu bin su sun zama ƙawayensu, sun ga alama sun rufe. Sai na ce duk bayan 'yan watanni a sauya wa mace mai bibiya. Duk abin da mace ta faɗa ya shiga fayil. Duk wadda ta ɓace kuma a sanar da shurɗa da bakinmu, kar su riga mu sani. Da aka zo rabon matan da ke hannun Sumayya, na raba wa sauran ma'aikata, na ɗauki Hansatu da kaina. A lokacin daga tebur zuwa tebur ake miƙa fayil, shi ke nan an gama. Zaman da kuke gani yanzu, tsohuwar mai bibiya da sabuwa da matar a kan tabarma ɗaya, wanda kuke cewa ɓata lokaci ne, daga baya na ƙaro shi.

Hansatu 'yar ƙasar Jahun ce, aure ya kawo ta. Mijinta Musa lebura ne a wata masana'anta a Madinar Masana'antu, a can yake kwana, sai Alhamis yake zuwa gida. Tana haɗa tsumi da maganin mata tana sayarwa, wata ta sha ta kwanta asibiti, danginta suka kai ƙara. Ta ɗan zauna a ciki aka sako ta kafin alƙali ya yanke. Kafilin Musa, Balaraben da iƙamarsa ke hannunsa, ya hana shi sa hannu. Doguwa ce mai jiki, kuma duk zuwan da na yi a kusurwa nake samunta da ƙaton hijabi har ƙasa, ta ɗora matashi a cinya.

“Yaya jiki, yaya zaman gida?”

“Lafiya lau, Ustaza.”

“Akwai abin da ke damunki?”

“Babu, Ustaza. Anti Sumayya fa, tana lafiya?”

Kullum sai ta tambaya. Idan zan tafi ba ta tashi ta raka ni, daga zaune take cewa in gaida gida. Na san Sumayya har ƙasan bene take raka ta a da. Na rubuta a fayil cewa ba ta ba da haɗin kai.

To, a ranar Larabar nan, da ƙwanƙwasawa ta yi yawa, sai ƙofar da ke kallon tata ta buɗe kaɗan. Wata tsohuwa ce, ido ɗaya kawai ta fito da shi.

“Salamu alaikum, Iya. Hansatu nake nema.”

Ta dubi jakar cefanena. Burodin bai ruɗe ta ba. “Ke ce ta hukumar?”

“Ta ƙungiya ce, Iya.”

“Duk ɗaya ne. An zo an tafi da ita gida tun Litinin.”

“Gida?”

“Gida mana. Kuma ta sauka lafiya, jiya aka bugo mana waya. Sai ku ƙyale 'yar mutane ta huta, ta sha wahala a hannunku.”

Ta rufe, na ji ta zura sakata.

Kun san yadda muke magana a garin nan. Mutum ya ce zai sauka bayan Hajji, kowa ya san Kano yake nufi ko Yamai, daga bakin Larabawa muka ɗauko. Gida kuwa a bakin waɗanda suka zo daga can sunan ƙasar da suka baro ne. An tafi da ita gida, ta sauka lafiya, an bugo waya. Na sha jin waɗannan kalmomin a jere haka a mummunar shekara, kuma ma'anarsu ɗaya ce kullum. Ban san yadda na sauko daga benen ba.

Baba Sale direban ofis ya ga fuskata ya kashe rediyo. Na faɗa masa. Ya ce, “'Yata, ki buga wa Sumayya. Ita ta san yarinyar nan.”

“Baba, kai dai ja mota.”

Ranar Alhamis muka je ƙarƙashin gada, ko zan samu wanda ya gan ta. Idan ba ku taɓa zuwa ba, ku je ku gani da ido kafin ku sa wa wata hannu. Mutane a kan kwalaye, manyan jakunkuna masu ratsi an yi matashi da su, mata sun kafa zannuwa sun yi ɗakuna, wata har tana soya ƙosai a kan risho. Na bi su da hoton Hansatu. Wata Badamagariya ta karɓa ta juya shi, ta ce duk matan da ke wajen haka suke a hoto. Wani mai hula ya biyo ni yana cewa idan wuri nake nema a motar gobe shi ne mai rubuta sunaye, kar in bi ta hannun kowa. Na ce masa ba tafiya zan yi ba. Ya ce, “Kowa haka yake cewa ranar farko, Hajiya.”

Daga nan muka wuce Madinar Masana'antu. Mace ba ta shiga, sai na zauna a mota gilashi a rufe, Baba Sale ya je bakin ƙofa. Ya dawo ya ce mai gadi ya ce Musa ya nemi hutu cikin gaggawa ranar Talata, har ya raba wa abokan aiki alewa da dabino kafin ya fita. Na ce to, bankwana ya yi musu. Wayarsa tana ta ƙara ba a ɗauka.

Da yamma na kira Abla. Ta saurare ni har na gama.

“Kin tambayi Sumayya?”

“Tana Makka, Abla. Ta kai mamarta umara.”

“Makkan babu waya ne?”

Na ce zan kira. Na nemo sunanta a waya, na ɗora yatsa a kai. Sai na ji muryarta a kunnena tun kafin ta ɗauka, haba Mudira, tun yanzu? Matar da ta riƙe wata da watanni ko latti ba ta taɓa yi ba, ta shigo hannuna ta gudu. Kuma me Sumayya za ta sani wanda ba ya cikin fayil? Dokar ofis ce komai ya shiga fayil, na kuwa karanta shi daga bango zuwa bango. Na ajiye wayar.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na faɗa wa iyayena. Mama ta ce kar in je, in tafi gidan ƙanwarta in zauna har abin ya lafa. Babana ya shiga ɗaki ya ɗauko iƙamarsa da tawa ya jera su a kan tabarma yana duba kwanan watan. Tawa ta kusa ƙarewa. Daga baya ya ce, “Idan ba ki je ba, su za su zo. Mutanen ƙasan benen nan babu mai takarda ko ɗaya a cikinsu, har da jarirai. Ki je da ƙafarki.” Mama ta tashi ta sa mini zani biyu da man shafawa da ƙaramin Alƙur'ani a jaka, ba ta dube ni ba.

Da safiyar Asabar Baba Sale ya sauke ni a ofishin shurɗa. Jami'in da ke karɓar matanmu ya san ni, mutum ne mai natsuwa, bai ɗaga mini murya ba. Na ce masa wadda na tsaya wa ta bar ƙasar. Ya tambaye ni da wane suna, ta wace hanya, na ce ban sani ba. Ya ce in kawo iƙamata. Ya sa ta a aljihun tebur ya tura. Ya ce zai jira har a tashi daga aikin safe, ko Allah zai sa wani labari ya zo, in ba haka ba dole ya shigar da sunana, a kai ni ɓangaren tsare mata har a ga abin da alƙali zai ce. Ya kira mai gadin mata ta karɓi wayata ta shiga da ni ciki.

Shekara nawa ina rako mata bakin ɗakin nan ban taɓa tsallake ƙofarsa ba. Benci ne na ƙarfe a jikin bango, na'urar sanyi tana hura kai kamar wajen ajiye nama, taga ɗaya can sama. Mata biyu na tarar. Ɗaya Bahabashiya ce tana barci a zaune. Ɗayar ta ƙura mini ido, sannan ta sauke niƙabi.

“Ba ke ce Ustazar da ke zuwa gidan Ladi a Karantina ba?”

Na ce ni ce.

“Ikon Allah. Ke kuma me kika sayar?”

Na tsaya riƙe da jakata. Ta matsa ta ba ni wuri, ta ce in zauna a kan jakata don ƙarfen yana shiga ƙashi. Ta ce idan aka kai mu can in nemi gadon da ke nesa da banɗaki, kuma kar in ce na yi makaranta, za su riƙa sa ni rubuta musu takardu har dare. Abin da nake ta lissafawa shi ne sunayen dangin Mama a Katsina, wa zan ce a kira idan jirgi ya ajiye ni, sai na ga ko unguwarsu ban sani ba.

Rana ta yi nisa sosai sai na ji hayaniya a baranda, muryar tsohuwa da Hausa tsantsa, ba ta ko sassauta ba don tana ofishin hukuma.

“Ni a nuna mini ita. A nuna mini Ustazar.”

Mai gadi ta buɗe ta ce in fito. A ofishin jami'in na tarar da mutum uku. Sumayya, da abayar tafiya duk ƙura. Wata gajeruwar tsohuwa da ban sani ba, ta ɗaura zani a kan abaya. Da Hansatu, an naɗe ta da mayafi a kan mayafi har da safa, tana dafe da bango, ƙamshin ganyen darbejiya da hayaƙi yana tashi daga jikinta. A ƙirjinta akwai abu a cikin tawul.

“Wannan ce?” in ji tsohuwar. “Ke yarinya, a gidanku haka ake yi? Mace da ɗanyen jiki, ko cibi bai faɗi ba, a fito da ita cikin iska? Na dafa ruwan wanka ke nan aka zo aka ɗage mini ita.”

Na ce, “Iya, an ce mini ta sauka.”

“To ba ga shi ta sauka ba? Namiji ma kuwa.”

Tawul ɗin ya motsa, wani ɗan jan hannu ya fito. Sumayya ta sa gefen mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Tsohuwar ita ce Goggo Dije, 'yar'uwar kakar Hansatu, wadda ta daɗe a Karantina. Gidanta ne gidan. Haihuwar fari ba a yin ta a ɗakin miji, kuma tunda uwa tana Jahun, Goggo ce uwa. Naƙuda ta zo kafin lokacin da suke zato, aka kwashe ta da tukunyar wanka aka tafi. Goggo ta kashe wayar ta sa a ƙarƙashin katifa, ta ce mai jego ba ta hira. Musa kuwa ɗan fari ne aka haifa masa, kunya ta hana shi ɗaukar wayar kowa. Baba Sale ne ya kira Sumayya da ya ga ban fito ba. Ta bar mamarta a Harami da ƙaninta, ta hau motar haya, ba ta tsaya ko'ina ba sai ƙofar Goggo.

Na matsa kusa da ita na yi ƙasa da murya. “Kin sani.”

“Tun tana gidan yari na sani.”

“Ba ki rubuta ba.”

“Cikin fari ne, Nafisa. Ko mijinta ba ta iya faɗa wa da baki ba. Ta ce idan ya shiga takarda maza za su karanta. Ta rantsar da ni.”

“Ni ba namiji ba ce. Da kin faɗa mini.”

“Ranar da kika karɓe ta, fayil kika ce in ba ki. Na ba ki fayil.”

Ina da amsa, har yanzu ina da ita, amma jami'in ya buga tebur da biro ya ce a yi masa bayani da Larabci. Ni ce shugaba, ni ya kamata in yi. Sumayya ta yi. Da ta zo kan kalmar sauka sai ta faɗa masa da Hausa, ta fassara masa ita gida biyu. Ya maimaita ta a bakinsa, ya girgiza kai, ya ce Masha Allah, Allah ya raya. Goggo ta tambayi me ya ce, aka faɗa mata, ta ce, “Amin. Ki ce masa kuma ba za ta sake fitowa ba sai ta yi arba'in, ko sarkin garin ne ya aiko.” Sumayya ta fassara rabin farko, ta gyara na biyun. Ya ce ya yarda, a kawo takardar asibiti daga baya, mai bibiya ta riƙa zuwa gidan tana ganinta da ido a maimakon Asabar.

Ya turo tawada don Hansatu ta dangwala na ranar. Hannunta biyu suna riƙe da yaron. Ni ce kusa da ita, kafaɗarmu har tana gogar juna, na ɗago hannuwana. Ta miƙa shi ta gabana, ta ba Sumayya.

Ana kiran azahar a masallacin bayan ofis lokacin da jami'in ya jawo aljihun tebur. Ya ɗauko iƙamata ya duba hoton, ya dube ni.

“Halas, shi ke nan, 'yata. Ban shigar da sunanki ba. Babu komai a kanki.”

Ya miƙo katin. Sumayya ta karɓe shi da hagu, yaron yana kafaɗarta ta dama, ta buɗe jakata ta tura shi tsakanin zannuwan da Mama ta sa mini, ta ja zif. Hansatu ta goge yatsanta a gefen mayafi, ta ɗago kai a karon farko tun shigowarta, ta dubi Sumayya.

“Anti, sannu da wahala.”